Ruwan Wankan Inna

Inna, mahaifiyata, ta yi shekaru tana sayar da ruwan ƙanƙara a kasuwar Dantokpa, hannunta cikin kular ƙanƙara tun safe har la'asar. Da ta tsufa yatsunta suka ƙage, sanyi ya shige mata ƙashi. Ko alwala ba ta yi sai na ɗumama mata ruwa. Da ciwo ya kwantar da ita, abu ɗaya ta roƙe ni: "Ranar da za a yi mini wanka, kada ki bari a zuba mini ruwan sanyi. Wanda na sha ya isa."

Ta rasu da hantsi, ana ruwan sama. Unguwarmu Zongo kuwa in aka yi ruwa har tsakar gida yake shigowa. Gawayinmu ya jiƙe, gas ya ƙare. Na je wurin Gwaggo, yayar babana, wadda ke wankan gawa a layinmu, na roƙe ta ta jira ni.

"To 'yar nan, yi sauri. Maza na so a kai ta kafin azahar, sun baro shaguna."

"Gwaggo, wasiyyarta ce."

"Na ji."

Na durƙusa gaban murhu ina fifita, hayaƙi kawai ke tashi. Sai da na fita cikin ruwan na samo garwashi wurin mai shayi. Da ruwan ya yi ɗumi na juye a bokiti, na tsoma hannu na gwada kamar yadda na saba. Ina isa ƙofar ɗakin na ji ƙamshin turare. Su Gwaggo sun gama wankan da ruwan randa, har sun sa mata likkafani.

"Gwaggo, na ce ki jira ni."

"Haba, ke kuwa. Gawa tana jin sanyi ne? Yi mata addu'a."

Na san gawa ba ta jin sanyi. Amma matar nan ba ta roƙi gida ko hajji ba. Bokiti ɗaya ta roƙa, kuma saboda shaguna aka hana ta.

Na ajiye bokitin a zaure. Masu sallar jana'iza suka same shi, suka yi alwala. Ina jin wani yana cewa, "Kai, wa ya yi mana wannan gata? Har da ɗumi!"

Gwaggo tana nan, ta tsufa, gwiwa na damunta. In na je gaishe ta da safe nakan tarar da tukunyar ruwan wankanta a kan wuta. Ina durƙusawa in gaishe ta yadda ya kamata. Ba na zama.