Gurbin Sunan Uwar Tagwaye

Lubwama Twaha ya rasu a daminar bara bayan gajeriyar jinya. Ya bar mata da 'ya'ya uku, da wani tebur cike da wayoyi wanda har yau ba a sami mai ƙarfin zuciyar kwashe shi ba. Allah ya jiƙan Twaha. Mutum ne mai sanyin magana, idan zai yi dariya kafaɗunsa ke fara motsi, kuma ba ya taɓa aikin safe sai ya ci faten ayabar da suke kira katogo a rumfar da ke bayan tashar Masaka.

Da gyaran rediyo ya fara. Daga baya ya koyi rubuta umarnin da ke tafiyar da ƙananan na'urori, har ya zama shi ke kula da sikelin da ƙungiyoyin manoman kofi suke awo da shi. Manomi ya ɗora buhu, ya kara katinsa, sai allon ya nuna sunansa da nauyin kayansa. Ƙwaƙwalwar sikelin 'yar mitsitsiya ce, komai da gurbinsa a jere kamar ɗakunan haya. Twaha ya ware wa suna gurbi ashirin da huɗu, na ƙarshen na sifilin da ke shaida wa na'ura cewa suna ya ƙare. Bango ɗaya ne tsakanin sunan da lambobin awo.

Shekaru ana haka lafiya, sai wata safiya abokin aikinsa Kateregga ya shigo yana dariya.

"Injiniya, sikelinka ya haukace a ƙauye. An ɗora buhu ɗaya ya ce ya fi saniya nauyi."

"Wa ya taɓa shi?"

"Ba wanda ya taɓa. Wata ce ta haifi tagwaye."

Twaha bai tambayi ƙarin bayani ba. A al'adarsu, macen da ta haifi tagwaye ta zama Nnaalongo ke nan har ƙarshen ranta, kuma a gaban suna ake sa shi. Mai tagwayen, Nakabugo Perepetwa, ta sa akawun ƙungiya ya gyara mata kati. Umarnin da Twaha ya rubuta tun farko kwafe haruffa kawai yake yi har sai ya ga sifili, ba ya duba ko wuri ya cika. Sunan ya cika ɗakinsa, ya fasa bango, ya tattake lambobin awo.

Gyaran ba wuya. Ya sa a riƙa kwafe abin da gurbi zai ɗauka, a rufe da sifili. Sikeli ya dawo hayyacinsa, amma allon ya koma nuna Nnaalongo Nakabugo Pere.

Da kansa ya hau babur ya kai gyaran ƙauyen. Matar tana zaune a inuwar rumfar awo, jariri ɗaya a baya, ɗaya a cinya. Akawu ya karanta mata abin da allon ya rubuta.

"Wace ce Pere?" ta ce.

"Mama, wurin ne ya yi kaɗan. Sai dai ki zaɓi wanda za a rage."

"Ɗan nan, kai ka zaɓa mini. Na farkon da naƙuda na same shi. Na biyun na danginmu ne, ba nawa ba ne balle in yanke. Na ukun sunan kakata ce. Wanne ya tsone maka ido?"

Matan da ke kan layi suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Injiniya, in ba wuri a cikin akwatin, ka ara masa aljihunka mana!"

Twaha ya dawo gari yana ta juya maganar. Faɗaɗa gurbin yana buƙatar wuri, ƙwaƙwalwar kuwa a cike take taf. Ya bi umarnin layi-layi. Abu ɗaya kawai ya samu wanda sikelin zai iya aiki babu shi. Duk lokacin da aka kunna shi, allon yakan fara nuna wata 'yar gaisuwa da harshensu na Luganda, wadda mahaifiyarsa marigayiya take tashinsu da ita tun suna yara. Bai taɓa gaya wa manoma daga ina ta fito ba. Shi dai yana jin daɗin sanin cewa kowace safiya, a ƙauyukan da ba ta taɓa takawa ba, maganar tsohuwar tana haskawa kafin a fara awo.

Kateregga ya leƙo ta kafaɗarsa, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Haba ɗan'uwa. Don mace ɗaya? Bar ta da Pere, za ta saba."

"Ita tana raye, tana jin yadda ake kiran ta," Twaha ya ce a hankali. "Kuma ba ita kaɗai za ta haifi tagwaye ba."

Ya daɗe yana kallon layin kafin ya goge shi.

Ranar awo ta gaba aka kunna sikelin, allon ya zo wayam, babu gaisuwa. Nnaalongo ta ɗora buhunta, ta kara kati. Akawu ya karanta sunan da ƙarfi tun daga farko har ƙarshe. Ta gyara goyonta, ta ce ya sake karantawa, ba ta ji sosai ba.