Akori-kurar Kawu Nomau

Ku da kuka san Kawu Nomau, ƙanen mahaifiyata, wa ya taɓa gaisawa da tafin hannunsa? Babu! Wuyan hannu yake miƙo maka, don tafin kullum baƙi ƙirin yake da man inji. Tun da ya bar tuƙin kamiyo, babbar motar kaya, ya sayo wata matacciyar akori-kura, aka jawo ta da igiya har ƙofar gidansa a Konni, ya rantse sai ta yi tafiya. Muka girma, muka yi aure, mota na nan bisa duwatsu, kaji na saka ƙwai a ciki.

Ka ce, "Kawu, yaushe za ta tashi?"

"Saura kaɗan, ɗan nema! Abu guda ya rage."

Abu gudan nan bai taɓa ƙarewa ba. Mutum ne da bai iya zama, yau Malbaza, gobe Tsarnawa. Wata ranar kasuwar Illela na raka shi neman famfon mai. Rumfar farko muka same shi! Ya jujjuya, ya shinshina, ya ajiye.

"Kawu, ba shi ba ne?"

"Shi ne. To, mu saya tun da hantsi, sannan mu yi mi? Mu zagaya."

Da la'asar muka dawo, an sayar. Wallahi kamar in yi kuka, shi ko har da tafi. "Madalla! An ce akwai wani a Malbaza."

Matarsa, Inna Hajo, ta gaji ta ce a sayar wa masu gwangwan. Ya ce, "Ke da kika tsufa, sayar da ke na yi?"

Sai rannan ya taɓa wata waya, mota ta yi tari, ta tashi. Unguwa ta ruɗe, mata na guɗa. Aka sauko da ita daga bisa duwatsu, ya zagaya da mu bakin kasuwa, ya dawo, ya kashe, ya wanke hannu tas. Daga nan ya lafe kan tabarma, ba fita, ba faɗa, tuwo ma sai an matsa masa. Ya rame. Na tsorata ƙwarai.

"Kawu, ina ke ciwo?"

"Ba ciwo. In na tashi da safe, ina za ni?"

Inna Hajo, da ta fi kowa tsanar motar nan, ita ta ɗauko sufana ta dangwara gabansa. "Malam, ni fa kunnena na jin wata ƙara cikin injin nan."

Zumbur ya miƙe. "Ke ma kin ji ko?"

Kafin azahar inji na ƙasa gunduwa-gunduwa, Kawu na waƙa. Motar ba ta ƙara tashi ba, shi kuwa ya ƙara shekaru yana cika mana kunne.

Kai, ina kewar tsohon nan. Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya sa ka isa gida mafi kyau, Ya kuma ba ka natsuwar zama a cikinsa.