Hannun Dodzi na Dama

Ni ba likita ba ce, ko firamare ban gama ba. Aikina saƙa tsirkiyar raket a wata rumfa da ke bayan filin tanis na kulob ɗinmu a Lome, shekara ashirin da bakwai ke nan. Mijina ne ya koya mini, da ya rasu injin ya zama nawa. Ɗan wasa zai kawo raket ɗinsa ya faɗi kilo nawa yake so a ja tsirkiyar, ni kuma in ja. Mai lafiyar hannu da tauri yake son ta. Wanda hannunsa ya fara ciwo kuwa sai ya ce a sassauta, don bugun ƙwallo ya daina shiga masa har ƙashi. Ta nan nake sanin ciwon mutum tun matarsa ba ta sani ba.

Dodzi Ahadji a gabana ya girma. Ubansa ne mai share filin da shafa farin fenti a layuka, shi kuma tun yana shekara bakwai yake tsintar wa manya ƙwallo. Yana da shekara goma sha tara sunansa ya shiga jerin 'yan wasan duniya, wanda ake fitarwa duk ranar Litinin. Kada ku ɗauka wani tauraro ne. Ba a taɓa nuna shi a talabijin ba, mafi girman matsayin da ya taka shi ne na ɗari huɗu da goma sha biyu. Rayuwarsa duka a jaka take: motar haya zuwa Akara, jirgi mafi araha zuwa Masar, ɗaki ɗaya da mutum uku, wankin riga a wurin wanke hannu na otel. Amma shekara goma sha bakwai sunan nan bai taɓa fita daga jerin ba, kuma shekara goma sha bakwai kilo ashirin da shida nake ja masa. Ko tambayarsa na daina yi.

Abin da ke cinye 'yan wasan nan maki ne. Makin da ka ci a wannan makon shekara guda cif zai yi, sai ya zube kamar ba a yi ba. Shekarar da ta gabaci labarin nan Dodzi ya yi wata irin sa'a, mako shida a jere yana cin wasa, kusan duk makinsa a nan ya tara shi. To da lokacin ya zagayo sai ya ga makin zai fara zubewa mako bayan mako. Sai kawai ya rubuta sunansa a gasa shida a jere: biyu a Abijan, ɗaya a Kwatano, ɗaya a nan Lome, biyu a Tunisiya. Kuma kowacce zai buga wasan mutum ɗaya, ya buga na mutum bibbiyu.

Ya zo rumfata da takardar yana nuna mini kamar wanda ya ci jarrabawa.

Na ce, "Dodzi, shekararka nawa?"

"Talatin da shida, Tanti Ablavi. Ke fa?"

"Za ka sha mari. Yaran da za ka buga da su, wasunsu ranar da ka fara yawon nan ba a yaye su ba. Su in sun yi barci sun warke. Kai fa sai ka kwana uku kana tafiya kamar agwagwa."

Ya yi dariya, ya ce in ja masa ashirin da biyar. Na ɗaga kai na dube shi. Ya ce wai ƙwallayen Abijan nauyi gare su saboda raɓar teku. Kilo ɗaya ba abin faɗa ba ne, sai na ja, amma raina bai so ba.

Bayan mako biyu ya biyo ta Lome zai wuce Kwatano. An fitar da shi da wuri a duka gasa biyun Abijan, bai samo ko maki ɗaya ba. Ya ajiye raket huɗu ya ce ashirin da huɗu. Kafin in yanke tsohuwar tsirkiyar da aka saƙa masa a Abijan sai na buga ta a tafin hannuna, kamar yadda na saba. Sautin ya fito a kwance, luɓus. Wannan ko ashirin da biyu ba ta kai ba. Wato a can ya sa an sassauta masa sosai, ni kuma ya zo yana faɗa mini lambar da ba za ta tayar mini da hankali ba. Na tambaye shi hannu lafiya? Ya ce ƙalau, har ya naushi iska don in gani.

Ranar Litinin ɗin gasar Lome bai zo da kansa ba. Matarsa Akpene ya aiko, baiwar Allah mai koyarwa a makarantar 'yan mata, wadda ba ta san komai a tanis ba sai wankin safa. Ta miƙo mini raket biyu da 'yar takarda.

"Tanti, wai na wani abokinsa ne ɗan Kamaru. Ya ce a ja goma sha tara."

Na riƙe mariƙin raket ɗin. Shekara nawa ina taɓa mariƙin nan? Gurbin babban yatsan Dodzi yana nan ya lotsa fatar, ga ɗan tsumman da yake naɗawa a gindi don kada ya zame. Ɗan Kamaru! Raina ya ɓaci har kunnuwana suka yi zafi. Ba ƙaryar ce ta fi ba ni haushi ba, rainin wayon ne. Na ce wa Akpene ta zauna, na tafi fili da zanina a ɗaure.

Na same shi yana atisaye. Na tsaya minti biyar ina kallo. Duk ƙwallon da ta zo masa ta hagu ba ya dukanta, sai dai ya yanke ta a hankali. Na kira shi rumfa. Ya shigo ya ga matarsa zaune da raket a cinya, sai ya fara sosa ƙeya.

Akwai butar ƙarfe da nake dafa ruwan lemun tsami, cike take a kan benci. Na ce, "Miƙo mini butar nan."

Ya kai hannun hagu.

"Da dama. Miƙe hannun sosai, bayan hannu a sama."

"Tanti, wasa gare ni gobe, ba ni da lokacin—"

"Ɗauko."

Ya kama. Ya ɗaga ta kamar tsawon yatsa daga bencin, fuskarsa ta yamutse, butar ta kuɓuce. Ruwa ya malale har ƙarƙashin injina. Akpene ta dube shi, ta dube ni.

Na ce, "Ba zan saƙa ba. Ko goma sha tara, ko ashirin da shida. Sai ka kawo mini hoton gwiwar hannun nan daga asibiti."

Ban taɓa ganin ya yi fushi da ni ba sai ranar. Muryarsa ta yi ƙasa. "Tanti, mako uku ya rage. Uku kawai. In na bari makin nan ya zube sunana zai fita. Tun ina ɗan sha tara, duk filin jirgin da na sauka, in aka ce sana'a sai in rubuta ɗan wasa. In sunan ya fita me zan rubuta? Ɗan mai shara?"

"In jijiyar ta tsinke fa? Da wane hannu za ka koya wa yara wasan in ka daina? Da me za ka ci abinci nan da shekara talatin?"

Ya kwashe raket ɗinsa ya ce ai ba ni kaɗai ce mai inji a Lome ba.

Gaskiya ya faɗa. Akwai Fo Messan a filin wani otel can bakin teku, wanda shekara tara ba ma gaisawa saboda ya taɓa cewa ƙullin tsirkiyata kwancewa yake yi. Na haɗiye girman kaina na hau zem, wato acaɓa, iska tana neman ɗauke mini ɗankwali, na je. Na same shi yana cin soyayyar doya, ko tayi bai yi mini ba.

"In saboda Dodzi kika zo, ya riga ki. Na ce masa injina ya lalace."

Na dubi injin, lafiyarsa ƙalau, ga raket ɗin wani a kai an saƙa rabi.

Ya ce, "Ke kaɗai ce mai kunne a garin nan? Goma sha tara! Ko kakata ba za ta buga da wannan ba." Sannan ya turo mini farantin doyar.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don na san yana da raket biyu da tsirkiyarsu ba ta tsinke ba. In ya ga dama zai shiga fili da su, babu mai hana shi. Kuma ranar Talatar nan da tsakar rana ake rufe janye suna daga gasar Tunisiya.

Talata da ƙarfe goma na juya kujerata ta fuskanci fili. Alƙalin wasa ya kira sunansa. Abokin karawarsa, wani dogon yaro ɗan Maroko, ya fito yana tsalle-tsalle. Ina ta kallon ƙofa duk lokacin da aka turo ta. Tunda nake ban taɓa roƙon Allah kada Dodzi ya zo fili ba sai ranar. Aka sake kira. Aka jira minti goma sha biyar. Alƙali ya ɗaga hannu, yaron ya mayar da kayansa jaka. Sai a lokacin na lura tsirkiyar da ke hannuna na nannaɗe ta a yatsa har ya yi fari.

Wajen ƙarfe ɗaya Akpene ta zo da babban ambulan. Ashe ita ta tsare wa Dodzi ƙofar gida da safe, ta ce ko dai su tafi asibiti tare, ko ta bi shi fili ta zauna a tsakiyar raga. Likita ya ce jijiyar ta tsage fiye da rabi. Da ya ƙara mako ɗaya ko biyu yana dukan ƙwallo, da ta rabu gaba ɗaya, sai tiyata, kuma ba lallai hannun ya koma daidai ba. Yanzu kam hutun wata huɗu da gashi da motsa hannu a hankali sun isa. Ya janye daga Tunisiya saura minti ashirin a rufe. Na zauna a kan bencin nan na yi kuka, ni da ba na kuka ko a jana'iza. Daɗi ne ya yi mini yawa.

Shi kuwa ya ɗauke mini ƙafa. Ko gaisuwa bai aiko ba. Makin ya yi ta zubewa, har ya rage masa guda ɗaya tal da ya taɓa ci daga baya, shi ya riƙe sunan wata uku. Na san Litinin ɗin da zai faɗi, na ƙirga. Ina ta tunanin ko ya tsane ni, kuma na ce a raina ya tsane ni ɗin, in dai da hannunsa.

Ranar Litinin ɗin da azahar sai ga shi da kula a rataye. Ya rame kaɗan, ya bar gemu. Ya zauna ba tare da an ce ya zauna ba.

"Tanti, na duba. Sau uku na bi jerin tun daga sama har ƙasa. Babu ni."

"To, ya ka ji?"

"Na ɗauka numfashina zai tsaya. Na zauna ina jira ya tsaya. Can sai na ji yunwa."

Ya zaro wata takarda daga aljihu. Gasa tara ya zaɓa a shekara mai zuwa, shi da ke buga ashirin da takwas. Babu inda uku suka jeru. A tsakaninsu ya rubuta "hutu" da jan biro, manya-manya, kamar mai gargaɗin wani. Na ce ta watan Maris ɗin nan ma a cire, filinta siminti ne, yana cin hannu. Ya ce in bari ya sha iska mana. Muka yi ciniki, ya cire.

Sannan ya buɗe kular. Fufu ne da miyar akuya, har yanzu da tururi. Ya wanke hannu, ya gutsuro loma, ya mulmula ta a hankali yana kallonta.

Ya ce, "Wata takwas ban yi wannan ba. Ko lomar nan in na matsa sai na ji har wuya. Na ce wa Akpene likitan wasanni ya hana ni fufu saboda ƙiba. A otel kuwa sai in kai abinci ɗaki in rufe ƙofa, in ci da cokali a hannun hagu, kada yaran su gani su gane inda za su riƙa aiko mini ƙwallo."

Ya tsoma lomar a miya ya kai baki, ya sake gutsuro wata da hannun nan na dama, ya ce in sa hannu kafin ya cinye.