Lemun Inna da Butar Malam

Daminar da na cika shekara tara, jirgin ƙasa bai daɗe da fara kuka a Zariya ba, wata safiyar Laraba na tsuguna a gindin lemun tsamin gidanmu a Tudun Wada ina ɓamɓarar ƙaro da farce. Inna, mahaifiyata, ita ce ta dasa lemun kafin ta rasu. Tun daga nan mahaifina, Malam, bai ƙara yin alwala ko'ina ba sai a gindinsa, ni kuma na tara wa lemun ƙasa har gwiwata don kada ya ji ƙishi. Da jikinsa ya fara tsattsafo da ƙaro murna na yi, nakan jiƙa wa Malam a tawada ina taƙama lemun Inna ma yana taya mu karatu. Ganyen kuwa yana ta komawa rawaya yana zuba, ni ke sharewa kullum, amma wauta ba ta bar ni na haɗa biyun ba.

A haka Baba Tanko, tsohon da ke lambu a bakin rafin Kubanni, ya shigo gaida Malam ya tarar da ni. Ya danna ɓawon da yatsa, ya burma. "Gafarta Malam," in ji shi, "wannan ƙaron ciwo ne. Kun jiƙa masa ƙafa har ta ruɓe. In ruɓar ta zagaye shi, ya tafi."

Ya sa na kwashe ƙasar da na tara, ina yi ina kuka. Ya kankare ruɓaɓɓen ɓawon da wuƙa har ya iske lafiyayye, ya shafe wurin da toka, ya haƙa ɗan kwari kewaye, taku uku daga gindin, ya ce ruwa nan zai tsaya. Da azahar Malam ya ɗauko butarsa, ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Ya daɗe tsaye. Sannan ya ja da baya taku uku ya tsuguna ya yi alwalarsa. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba.

Lemun ya rayu da tabonsa, har 'ya'yana sun sha. Yanzu jikokina magani suke fesa wa itatuwansu, wurin kuma an yi ɗaki. Amma har gobe in na ɗauki buta kusa da itace, sai na ja da baya taku uku.