Takun Lawwali Mai Rake

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Matameye ya san Lawwali, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne mutumin nan da ke zaune a gindin dogonyaro, rake jingine a bayansa, wuƙa a hannu, yana fere ba gaggawa. Tun yana ƙarami shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu. Bai taɓa yarda da sanda ba. Ya kan jefa ta dama gaba, ta hagun ta biyo baya tana sharar ƙasa, a haka ya girma, a haka ya yi aure, a haka furfura ta same shi.

Kowace shekara, da an gama zuba gero a rumbu, mazan gari sai su ɗaure kayansu su tafi cin rani, wasu Kano, wasu Legas, wasu Fatakwal. A gabansa suke hawa mota. Ya kan miƙa musu gaɓar rake ta taga, ya yi musu addu'ar sauka lafiya, ya koma mazauninsa. Garin sai ya rage daga mata sai tsofaffi sai yara, da tsirarun maza irinsa. Bai cika damuwa ba, don yana da tasa hanyar tafiya. Hannunsa na fere, hankalinsa na can yana gina garuruwan da ya ji labarinsu a bakin masu dawowa: gada mai tsawon da ba a hango ƙarshenta, ruwa a ƙasa, jiragen ruwa kamar unguwanni suna wucewa. Wani lokaci sai mai saye ya yi sallama har ya gaji kafin ya ɗago. A gida ma haka yake. Matarsa Najaha ta kan ajiye masa kwanon tuwo ta ce, "Malam, in ka dawo daga inda ka je, ga abinci nan."

A hutun ƙarshen Maris na wata shekara, lokacin da zafi ya fara kama gari, rake kuma ya kusa ƙarewa a fadama, sai ga Sadiyya ta sauko daga motar Damagaram. Ɗiya ce ga yayarsa mai suna Uwa, tana jami'a tana koyon aikin jarida da shirya fim. Washegari ta dawo tasha ta zauna kusa da shi, ta sha rake har ta tara ɓawo a gabanta, tana ta kewaye-kewaye.

"Kawu, wata alfarma nake nema, amma ina jin nauyi."

"Nauyi na jaki ne. Faɗi."

Ta ce an ba su aikin hutu, kowa ya shirya gajeren fim na fargaba, irin wanda ke sa mai kallo ya manta da numfashi. "Malaminmu ya ce irin wannan fim yana da ƙa'idojinsa. Ba a nuna abin tsoro da wuri. Kunne ake fara kamawa kafin ido. A ji motsi, a ga inuwa, a ga ƙofa na buɗewa a hankali, amma fuska a ɓoye."

"To ni ina na shigo?"

Ta sunkuyar da kai. "Takunka nake so, Kawu."

Wuƙar ta tsaya a jikin rake. Tun da yake, an nemi rake a wurinsa, an nemi aron tabarma, an nemi ya tsare wa mutane kaya, amma ba wanda ya taɓa neman wannan. Ya dubi ƙafar, ta yi fari da ƙasa, yatsunta a lanƙwashe. Can ya ce, "In zai yi miki amfani, ga shi nan."

Da Uwa ta ji labari, faɗa ta kama yi. Ta ce ba ta tura yarinya karatu don ta dawo ta mayar da ƙanenta dodo ba, ita da ta goya shi, ta yi dambe da yaran unguwa a kansa. Sadiyya ta yi tsuru-tsuru. Lawwali ne ya raba gardamar. Ya ce, "Yaya, bar ta. Ni ma ina so in ga abin."

Labarin fim ɗin ba shi da tsawo. Wata mace ce mijinta ya tafi cin rani, tana zaune ita kaɗai. Kullum da tsakar rana, lokacin da gari ya yi tsit kowa ya nemi inuwa, sai ta ji taku yana zagaya gidan, ɗaya mai nauyi, ɗaya mai jan ƙasa. Kowace rana takun na ƙara matsowa. Bushra, ƙawar Sadiyya tun makarantar firamare, ita ta fito a matar. Gidan Uwa aka ara, salular Sadiyya ita ce kamara.

Ranar farko ba a ɗauki hoton komai ba. Sadiyya ta durƙusa a lungu, ta kara salula kusa da ƙasa, ta ce ya yi tafiyarsa. Ya je ya dawo, ya je ya dawo. Sannan ta sa masa abin ji a kunne ta kunna. Lawwali ya rufe ido. Bai taɓa sanin haka tafiyarsa take ba. Dum, sai shiii, dum, sai shiii, kamar ana jan buhu a ƙasan rijiya, kamar wani babban abu ne ya taso daga nesa kuma ba abin da zai tsayar da shi. Ya cire abin jin ya dube ta.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne, Kawu."

Sauran aikin da dariya aka yi shi. Ƙofar ɗakin Uwa ta ƙi yin ƙara, don Uwa mace ce mai shafa wa ƙyaure mai, sai da suka je suka naɗo kukan amalanken shanu suka liƙa mata. Sadiyya ta ce dole a tsorata mai kallo da ƙarya kafin a kawo na gaskiya, shi ya sa aka ɓoye akuya a bayan rumbu don ta faɗo wa Bushra ba zato. Akuyar ta ƙi fitowa, ta samu dusa ta tsaya ci. Da ta ga dama ta fito kuwa, Bushra ta riga ta saki jiki, ta kurma ihu na gaske har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Wuƙar rake ma ta samu nata aikin: aka riƙe madubin Uwa aka harba mata hasken rana, ta yi walƙiya a jikin bango.

Abu guda ne ya tsaya wa Lawwali a rai. Ana hutawa a zaure ya tambaya, "Wai shi wannan mutumin da nake yi, wane ne? Me yake nema a gidan?"

"Ba a sani ba, Kawu. Rashin sanin shi ne tsoron."

Da ya koma gindin dogonyaro sai mutumin ya biyo shi a zuci. Yana fere yana ganinsa. A hankali ya gano ko wane ne. Ɗan garin ne, ya tafi cin rani da ƙuruciya, damina ta zo bai dawo ba, wata ta zo bai dawo ba, har aka daina tambaya. Ya yi dako, ya yi gadi, wata mota ta taka masa ƙafa a bakin gada. Yanzu ya dawo da tsufa, ya tarar an sake fasalin unguwa, gidan da aka haife shi wasu ne a ciki. Shi ya sa yake zuwa da tsakar rana, lokacin da ba mai ganinsa. Wuƙar kuwa ta aikinsa ce, ba shi da inda zai ajiye ta. Lawwali bai gaya wa kowa wannan ba.

Ranar ɗaukar ƙarshe, abin da aka ce ya yi shi ne ya ratso tsakar gida, inuwarsa ta hau labule, ya miƙa hannu ya yaye, shi ke nan hoto ya ɗauke. Rana na tsaka, ƙasa na ƙuna. Ya taho. Da ya iso bakin ƙofa sai ya tsaya. Hannunsa ya ɗaga, ya kusa taɓa labulen, ya tsaya a iska. Iska mai zafi ta kaɗa labulen ya shafi yatsunsa. Ya ji ƙamshin daddawa daga wani gida, ya ji kurciya na kuka a kan katanga, ya ji kamar in ya yaye zai tarar da mahaifiyarsu zaune tana kaɗi. Sadiyya na ta yi masa alama da hannu, bai gan ta ba. Sai da ya gama tsayuwarsa sannan ya yaye labulen.

"Kawu, me ya tsayar da kai?"

"Ba a faɗa wa gidan mutane haka nan," in ji shi.

Ta kalli abin da ta ɗauka, ta sake kallo. Ba ta ce a maimaita ba.

Kafin ta koma Damagaram ta nuna fim ɗin a zauren Uwa bayan la'asar. Aka rataya tabarmi a ƙofa don a samu duhu, aka ɗora kwamfuta a kan turmi. Matan unguwa suka cika wurin, da yara, da wasu tsofaffi biyu da suka ce sun zo ganin ɓata lokaci. Da akuya ta faɗo, zauren ya ɗauki salati, sannan dariya. Da takun ya fara, sai aka yi tsit. Wata ta jawo ɗanta jikinta. Lawwali na rakuɓe a baya, yana kallon wata ƙafa tana sharar ƙasa, da wata inuwa doguwa, mai faɗin kafaɗa, tana hawa bango a natse. Bai taɓa ganin bayansa ba, bai taɓa ganin yadda kafaɗarsa ke sauka ta tashi kamar kwalekwale a kan ruwa ba.

Ana tsakiyar wannan shirun sai aka ji dariya. Najaha ce, ta toshe baki da gefen mayafi amma ta kasa riƙewa. Aka juyo ana harararta.

"Ku yi haƙuri," in ji ta. "Ni dai in na ji wannan, tashi nake in ɗora ruwan wanka."

Fim ɗin ya bi salula ya zagaya gari, ya kai Kance da Tsauni, har ya tsallaka iyaka wurin ƴan cin rani. Kwanakin farko yara in sun jiyo shi tafe sai su watse da gudu suna ihu. Daga baya suka koma bin sa a baya suna jan ƙafa. Wannan ya sosa masa wani tsohon miki, har ya yi kwanaki yana bin bayan gari zuwa tasha. Uwa ta ce ai ta faɗa. Amma yara ba su daɗewa a kan abu guda, wani wasan ya zo ya ɗauke musu hankali. Da damina ta kawo maza gida, wasu tun daga cikin mota suke ɗaga masa hannu, suna cewa sun gan shi a ɗakin kwanansu a Legas, har wani Bayarabe ya hana a kashe fitila. Sadiyya ta aiko da labari cewa ta ci jarrabawa. Malamin ya yaba da sauti ƙwarai, sai dai ya ce tsayuwar bakin ƙofa ta yi tsawo. Ba ta rage ta ba.

Da babban hutu ta sake zuwa. Lokacin babu rake, gyaɗa da dabino yake kasawa. Hadari ya haɗo ta gabas, tasha ba kowa. Ya daɗe yana juya maganar kafin ya fitar da ita.

"Sadiyya, wannan na'urar taku da ke sa ƙofa kukan amalanke, tana iya sa mutum gudu?"

Ta dube shi.

"A mafarki ina yi," in ji shi. "Amma ban taɓa ganin yadda nake ba, don a ciki nake."

Washegari da safe suka sauka fadama. Ciyawa ta yi kore shar, ruwa kwance a ƙananan ramuka yana ɗauke da sararin sama. Ta hau tudu, ta ce ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ratsa a takunsa, balbelu na tashi a gabansa. Ta zauna a kan kututturen giginya ta yi ƴan danne-danne, ta miƙo masa.

Ga wani ɗan mutum can nesa, cikin farar riga, yana keta kore da gudu. Gudun ba irin na kowa ba ne, yana tsalle yana karkata, rigar na kaɗawa, balbelu na fantsama sama kamar an watsa auduga, gizagizai ma gudu suke a bisa kansa. Kafin ka ce kwabo ya kai ƙarshen fadama ya shige cikin itatuwan mangwaro.

Lawwali ya yi dariya har ya dafa cinya, ya goge ido da bakin hula.

"Kai, wannan ko barewa! Ina za shi haka?"

"Kai za a tambaya, Kawu."

"Mayar da shi baya in gani."

Ta mayar. Suna nan zaune yayyafi ya fara sauka, Sadiyya ta rufe salular da mayafinta, suka kama hanyar gari, tana rage sauri don su jera.