Kyandir Mai Tsayin 'Yata

'Yata ta cika shekara huɗu a unguwar Setapak, a ƙasar waje, ba ta taɓa cewa "Mama" ba. Tana ji, tana gani, in tana son abu sai ta ja zanena. Likita ya ce a jira. Maigidana, wanda karatunsa ya kawo mu ƙasar, shi ma ya ce a jira. A benenmu mu kaɗai ne Hausawa 'yan Katolika. Matan maƙwabta sun yi ta kawo mini zuma da habbatussauda, Allah ya saka musu.

Wata tsohuwa Ba'indiya da muke zama benci ɗaya a coci ce ta ce in bi su ziyarar ibada zuwa wani coci a kan tudu. Ta sa na auna yarinyar da zare daga ƙafa zuwa tsakar ka, muka sayi kyandir daidai tsayinta.

A bas ta ba ni tarihin wurin, da guntun Turancinta da guntun nawa. Da can dajin roba ne. Kakanninta masu tsagar roba suka kafa bukka a kan tudu, suka sa hoton kakar Yesu, uwar Maryamu. Wata da ta daɗe ba haihuwa ta hau tudun da gwiwa, ta samu. Sai mutane suka fara zuwa. Bukka ta zama coci, aka yi rumfuna, aka yi gari. Daga baya aka sare robar, matasa suka watse birni.

Na ce, "Yanzu fa, Kaka?"

"Yanzu tsofaffi da karnuka kawai. Sati ɗaya a shekara, lokacin ziyara, muke da gari."

Na goya yarinyar na hau matakalar, mutane maƙil, kakin kyandir na manne mini a takalmi. A ƙauyenmu ba mai taɓa kyandir ɗin gaban bagade sai ya cinye kansa. Ni kuwa ban iya doguwar addu'a ba. Na sa a raina wannan zai kwana biyu yana ci, yana roƙo a madadina.

Na kafa shi, na kunna, na durƙusa. Ban gama "A gaishe ki Maryamu" na uku ba sai ga wani ma'aikaci da safar hannu. Yana tuge kyandirori, yana tsomawa a bokitin ruwa, yana jefawa a buhu. Ya kai kan namu.

Na riƙe masa hannu. Da Hausa ma na ce, "Bai gama ba!"

Bai yi fushi ba. Layin da ke bayana kawai ya nuna mini, har ƙasan tudu, kowa da nasa a hannu.

Tsohuwar ta janye ni. "Haka ake yi, 'yata. Kakar Yesu ta riga ta gani."

"Ko tsawon ɗan yatsa bai ci ba, Kaka."

"Nawa ma haka ake cire shi, tun ina da baƙin gashi."

"Me kike roƙo?"

"Ɗana ya dawo gida."

"Ya dawo?"

Ta gyara mayafinta, ta ce mu sauka kada bas ya bar mu.

Da muka shigo gida maigida ya ɗago daga kwamfuta yana dariya. "Hajiyar Katolika, an sauka lafiya? Yarinyar ta yi muku wa'azi a hanya?" Ya ga fuskata, ya daina dariyar.

Wata bakwai ke nan. Makarantar renon da ke ƙasan benenmu sun ce sai yarinyar ta fara magana za su karɓe ta. Kullum da safe muna tsayawa a taga, ni da ita, muna kallon yara suna shiga.