Jar Motar da Muka Sayar Sau Uku

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji ya tashi sallamar Baba Istifanus ba. Lokacin ina akawu a wani filin sayar da motoci nan Gombe, shekarar da mai ya yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. Kasuwa ta mutu murus. Alhaji, mai filin, ya kira ni ya ce ba zai iya riƙe masu sayarwa biyu ba. In duba irin motar da ta fi fita, wanda tasa ta gaza shi zai tafi.

Ku da ba ku san aikin ba, ga yadda muke auna shi: duk motar da aka biya aka fitar da ita daga ƙofa, ciniki ɗaya ke nan. Sadiƙ, matashi mai zaƙin baki, ƙananan motoci yake sayar wa ma'aikata. Baba Istifanus kuwa, dattijo daga kudancin jiha, a-kori-kura ce tasa, ta manoma da 'yan hatsi. Na ƙirga, na sake ƙirgawa, Sadiƙ ya yi masa nisa. Wallahi raina ya ɓaci, don na san 'yarsa na karatun jinya, kuma da wannan albashin yake riƙe ta.

Alhaji ya tara mu a ƙarƙashin rumfa, yana ta kame-kame, sai ga wata jar ƙaramar mota ta shigo tana tari. Wata malamar makaranta daga unguwar Malam Inna ta fito ta ce, "Alhaji, ga motarku. Ta cinye mini albashi a gareji. A canza mini wata, in yi ciko."

Alhaji ya zagaya motar. Carbi na rataye a madubi, a gilashin baya kuma ga takardar taron coci a manne.

"Malama, wanne ne naki a ciki?"

"Ko ɗaya. Haka na same su."

Sai ya juyo gare ni. "Akawu, sau nawa muka sayar da motar nan?"

Kai! Nan take na tuna. Mai carbin ɗan kasuwa ne, ya dawo da ita ya yi canji. Mai takardar wani fasto ne, shi ma ya dawo da ita. Malama ce ta uku. Duk fitar da ta yi, an lissafa wa Sadiƙ ita sabon ciniki, kuma ba ita kaɗai ke wannan zirga-zirgar ba.

Alhaji ya ce, "Istifanus, naka fa, nawa suka dawo?"

"Ranka ya daɗe, suna gona."

Sadiƙ ya ga inda maganar ta nufa, ga shi bai daɗe da aure ba. Kafin Alhaji ya buɗe baki, Baba Istifanus ya cire hularsa ya ce, "Alhaji, laifin motar ne, ba na yaron ba. Abin da aka kawo masa ya sayar. Ka ba ni shi in koya masa a-kori-kura, kaka ta kusa."

Alhaji ya ce kowa ya koma bakin aikinsa. Irin jar motar ce aka sallama, ba a sake yin odarta ba.

Shi ya sa, in mai saye ya tambaye ni wace mota ce ta fi kasuwa, nakan ce masa: wadda ta fi fita kake so, ko wadda ba ta dawowa?